Doron Ɗan Liman

Kwanakin baya jikana Nasiru ya miƙo mini waya, ya nuna mini wani ƙato ya kwantar da mutum a gado, ya danna masa baya sau biyu, ƙashi ya yi ƙara, mutumin ya tashi yana washe baki wai ya warke. Nasiru ya ce ai wannan aikin ko shi zai iya. Na ce masa in dai ƙara ce, ƙyauren ɗakin kakarsa ma yana yi kullum, kuma har yau a karkace yake. Saboda shi da ire-irensa nake ba da wannan labari, don su san miƙar da bayan mutum ba aikin rana ɗaya ba ne.

Sunana Isiyaku, a Kademi ta ƙasar Gaya aka haife ni. Ba a daɗe da tafiyar Turawa ba aka kai ni Toranke wurin ƙanen mahaifiyata, Kawu Barau maɗori, don in koyi ɗori. Shekarar farko ban taɓa jikin ɗan Adam ba. Ranar kasuwar Gaya Kawu zai zaunar da ni wurin mahauta, ya ce in rufe ido in bi ƙashin bayan akuya da yatsa tun daga wuya har wutsiya, in gaya masa inda kowace gaɓa ta haɗu da 'yar'uwarta. Mahautan har suna suka sa mini, wai Likitan Gawa. Wanda na fara yi wa ɗori da hannuna zakara ne, na biyu ɗan akuya, na uku jakin mai unguwa, wanda ya gode mini da harbi a cinya.

Karaya da targaɗe su ne yawancin aikinmu, amma abin da ya fitar da sunan Kawu har Ajingi da Gafasa shi ne gyaran doro, wato bayan da ya lanƙwashe daga kafaɗa har mutum ya zama ƙasa yake kallo. Kayan aikin ba su cika buhu ba. Akwai tsohuwar tabaryar kirya da matarsa Inna Dije ta daina daka da ita. Ita muke naɗewa da zani mu shimfiɗa a gicciye, mutum ya kwanta a kai rigingine, ta zo masa daidai ƙasan allon kafaɗa, ya miƙa hannuwa sama ƙirjinsa ya buɗe. Akwai gora mai tsawon gaba guda da ake riƙewa a bayan kafaɗu. Akwai igiyar rama da muka ɗaura a reshen tsamiyar ƙofar gida, mutum ya kama ya saki jikinsa. Sai tukunyar ruwan zafi da tsumma don gashi, da ƙoƙon man shanu ko man kaɗe don tausa. Amma babban kayan aikin shi ne bangon soro. Kawu da kansa ya yaɓe shi ya miƙe sak. Mutum zai jingina, dunduniya da ɗuwawu da kafaɗu su taɓa bango, sai mu zura yatsu tsakanin ƙeyarsa da bangon. Yawan yatsun da suka shiga, shi ne girman aikin da ke gabanmu.

Wani mutumin Ajingi da ya zo a shekarata ta uku, shi ya koya mini abin da bai kamata in taɓa ba. Kawu ya zaga bayan gida, ni kuwa ina jin kaina na zama gwani, na shimfiɗa tabarya na ce ya kwanta. Allah ya sa Kawu ya dawo kafin bayan mutumin ya sauka. Ya buge mini hannu, ya ɗaga rigar mutumin ya nuna mini wani ƙulli mai tsini a tsakiyar gadon bayansa, ya tambaye shi ko yana tari da zufar dare. Ya ce ya fi wata shida yana yi. Kawu ya ce wannan ƙashin ne kansa ke ciwo, in ka danna ka gurgunta bawan Allah. Ya sa aka ɗora shi a motar kasuwa zuwa asibiti a Kano. Ran nan na koyi cewa doro iri uku ne: na ciwon ƙashi, wanda ba namu ba ne, na tsufa, wanda sai dai a lallaɓa a rage masa zafi, da na zama, wanda in mutum ya kwanta yakan ɗan saki. Wannan na ukun shi ne abincinmu.

Masu shi kuwa ba sa yankewa. Masaƙa, maɗinkan hula, manoman da suka ƙare ƙuruciyarsu a kan fartanya, malamai masu rubutu a gwiwa. In mace ce, Inna Dije ke yi mata a cikin gida, Kawu yana soro yana ɗaga murya yana faɗin abin da za a yi, ita kuma tana amsa masa da cewa ta riga ta yi. Kawu yakan ce abu ɗaya ne bai taɓa gani ba tun da yake, wato mai tallan nono da doro. Na sha jin wannan magana, ban ɗauke ta a bakin komai ba.

Sai shekarar fari ta zo, wadda aka canja kuɗi a cikinta. Gero ya bushe a tsaye, gyaɗa ba ta yi ba, Fulani suka kora abin da ya rage na shanunsu suka yi kudu, man shanu ya ɓace daga kasuwa. Maza suka watse cin rani tun kafin lokaci. Sai mu yi mako ba wanda ya yi sallama. Wani da muka gyara wa gwiwa ya kawo mana kaza don godiya, Kawu ya juya ta ya ce ita ma ɗorin take buƙata. Da man kaɗe ya ƙare, sai muka koma soya yashi a kasko muna ƙullewa a tsumma muna gashi da shi. A shekarar ne kuma hannun Kawu ya fara rawa, ya koma zama a dakali yana aiki da baki, ni ina yi da hannu.

Bayan Ƙaramar Sallah da 'yan kwanaki wani tsohon liman ya iso a kan jaki daga wani ƙauye gabas da Gafasa, wani mutum yana biye da shi a ƙasa, haɓarsa ta kusa taɓa ƙirji. Bayan gaisuwa liman ya nuna shi da sanda ba tare da ya dube shi ba, ya ce, “Barau, yaron nan na kawo maka.” Yaron nan kuwa magidanci ne ɗan shekara talatin, sunansa Malam Habibu. Ɗan farin liman ne, shi ya sa ba ya kama sunansa, ba ya ma yi masa magana kai tsaye, don kunyar ɗan fari irin ta mutanen da.

Liman ya yi wa Kawu bayani a taƙaice. Limancin garinsu tun kakansa yake a gidansu. Shi gwiwa da murya sun gaza, sallar idin da ta wuce da ƙyar ya kai ƙarshenta, ya kuma gaya wa jama'a ita ce ta ƙarshe. Malam Habibu ya haddace Alƙur'ani, ya rubuta shi da ka har sau uku, ba wanda ke ja da iliminsa. Amma rubutun ya naɗe masa baya, ƙirji ya matse, numfashi ya gajarce. In yana karatu muryar cikin rigarsa take zubewa, yana yanke aya a inda ba a yankewa, sahu na uku ma ba ya jin sa. Lokacin ba lasifika a ƙauye, ƙirjin liman shi ne lasifikarsa. Dattawan gari sun yanke cewa shi zai ja sallar Babbar Sallah, in sahun ƙarshe bai ji shi ba, za su ba wani gida limancin. Wata biyu da 'yan kwanaki ke nan a hannunmu.

Na kwantar da shi a tabarma, na ga bayan ya ɗan saki, na ce alhamdu lillahi, na zama ne. Na jingina shi da bango, yatsa bakwai suka shige tsakanin ƙeyarsa da bangon, hannu ɗaya bai isa awon ba. Kawu ya ce da ni, “Naka ne.” Ni kuwa ban taɓa riƙe aiki mai nauyin wannan ni kaɗai ba.

Muka tsara zai riƙa zuwa ranar Laraba da yamma in an tashi makarantar allo, ya koma Juma'a da safe. Da hantsi in gasa masa kafaɗu da yashi mai ɗumi, in tausa naman ƙirji da na wuya da ya ɗaure kamar igiyar guga, sannan ya hau tabarya. Yana kwance a kai nake sa shi ya ja doguwar aya, ina sauraron inda numfashin zai tsinke. Daga nan ya riƙe gora a bayan kafaɗu ya kai ya komo a ƙofar gida, ya gama da igiyar tsamiya. Mutum ne mai haƙuri, ko uffan ba ya cewa, sai dai in zafi ya kai masa ya yi salati. Na kuma ce in zai yi rubutu a gida ya kife turmi ya ɗora takardar a kai, ya daina rubutu a gwiwa. Ranar Juma'ar farko da na auna, yatsa biyar. Na yi ta fara'a har Inna Dije ta tambaya ko an yi mini albishir da mata ne.

Laraba ta zagayo, ya dawo, na auna: bakwai. Na sake aikin, Juma'a biyar, Laraba bakwai. Mako huɗu muna wannan, kamar mai ɗiban ruwa da kwando. Raina ya ɓaci, na ce masa in ba ya yin abin da na sa shi a gida ya faɗa mini, kada mu ɓata wa juna lokaci. Ya rantse yana yi safe da yamma, turmin ma har matarsa ta gaji da aron na maƙwabta. Na san ba zai yi rantsuwar ƙarya ba, sai kaina ya ɗaure. Kawu daga dakali ya ce na san bayan mutumin nan a gidanmu, ban san shi a gidansu ba, in hau keke in je in wuni.

Na isa garin da sassafe ranar Asabar. Na tarar da shi a bayan rumbu da gorarsa, yana yin komai yadda na koya masa, har ya fi ni tsanaki. Ya gama ya miƙe kyam, na ce to, ina matsalar take? Ba a jima ba na gan ta. Gidan ƙofa ɗaya ce, ta soro, liman kuwa a soron yake zaune tun safe har la'asar. Duk sanda Malam Habibu zai wuce sai ya naɗe biyu, hannu ya kusa taɓa ƙasa, haka zai ratsa soron, ba zai ɗago ba sai ya sha kwana. In ya zauna ɗaukar karatu a gaban mahaifin, kai a sunkuye har a tashi. In ya fita, ga baffanninsa, ga abokan liman, ga dattawan unguwa, kowanne sai ya rusuna masa tun daga nesa, kuma ba ya miƙewa sosai tsakanin wannan da wancan, tunda ya san wani na gaba. Na fara ƙirgawa, kafin azahar na bari. Abin da nake miƙarwa a kwana biyu, ladabi ne yake lanƙwashe shi a kwana biyar.

Na ja shi gefe na ce daga yau zuwa sallah ya riƙa wucewa a tsaye, gaisuwar baki ta isa. Ya dube ni kamar na ce ya yi sata. Ya ce, “In wuce Malam a tsaye? Ai gara limancin ya tafi.” Kuma da na yi tunani na ga ko ya yarda ba mu tsira ba. Ranar da ya fara yawo ƙirji a buɗe, kai a sama, dattawan nan za su ce tun bai hau ba ya fara girman kai, su hana shi ta wannan ƙofar. Liman kuma ba zai buɗe baki ya ce wa ɗan farinsa ya daina rusuna masa ba. Na hau kekena na dawo.

Ina cikin ba Kawu labari a soro sai Inna Dije ta shigo daga rijiya da tulu a ka. Ta tsaya a kanmu ta ji ƙarshen zancen, ta ce mu dai maza da neman wahala, a ɗora masa kaya a ka mana, wa ya taɓa cewa mai kaya a ka ya durƙusa? Ga ta nan tsaye a kan mijinta, wa ya ce ta yi rashin kunya? Na dube ta da kyau: wuya a miƙe, kafaɗu a baya, ga ta ta haura sittin. Sai maganar Kawu ta masu tallan nono ta faɗo mini. Kawu ya yi dariya ya ce dabara ce, amma ɗan liman da tulu a ka a tsakiyar gari, ai sai a ce ya taɓu. Ni kuma sai na tuna abin da na gani rataye a turke a soron liman, gafakar fata, wato jakar da ake adana Alƙur'ani a ciki, da Alƙur'anin da kakansu ya rubuta da hannu a cikinta, mai nauyin ƙaramin tulu. Na faɗa. Kawu ya daina dariya, ya ce a nemo masa jaki.

Washegari muka je tare. Kawu ya ce wa liman, “Allah ya gafarta malam, magani ɗaya ya rage mana, kuma ga shi can rataye a bayanka.” Ya yi masa bayani a hankali, bai ambaci rusunawa ba ko sau ɗaya, ya ce dai kaya a ka yana miƙar da wuya. Liman yana saurare yana jan carbi. Tsoho ne mai kaifin hankali, na ga alamar ya gane har abin da ba a faɗa ba. Can sai ya ɗaga murya yana kallon bango, alhali Malam Habibu na durƙushe a gefensa, ya ce, “A gaya wa yaron nan, daga yau duk inda zan sa ƙafa, shi zai ɗauko mini littafin. A ka.”

Abin da ya biyo baya har yau in na tuna sai na yi dariya. Aka naɗe sabon rawani aka yi gammo da shi. Malam Habibu ya zama kullum cikin alwala, gafaka a ka. Wanda ke ɗauke da Alƙur'ani ba ya sunkuya wa kowa, in ya sunkuya ma littafin zai zame, wannan kuwa ba mai so a gani. Dattawan da yake rusuna wa su suka koma matsa masa hanya, suna yaba irin ladabin da ya sa magidanci ɗaukar wa mahaifinsa littafi kamar ƙaramin ɗalibi. Liman kuwa, mai ciwon gwiwar nan da ba ya fita sai masallaci, sai ya tsiri yawo. Yau dubiya a ƙarshen gari, gobe ta'aziyyar da aka yi tun bara, jibi zai je ganin gonar da ba ta ba da ko dami ɗaya ba. Yana gaba a kan jaki, ɗansa na biye a miƙe. In sun dawo sai ya ce a kai littafin cikin gida, a jima kaɗan ya ce a dawo da shi. Wurin karatu ma ya sa aka ɗora littafin a kan turmi da buzu a sama, wai idonsa ne ba ya gani daga ƙasa.

Larabar da ta biyo na auna, biyar, bai koma ba. Muka ci gaba da tabarya da gora da igiya, aka sauko huɗu, sannan uku. A uku ya tsaya, kuma a uku ya zauna har tsufansa. Ku da kuke son a ce an danna an warke, ku ji da kyau: baya da ya yi shekara ashirin yana lanƙwashewa ba ya komawa kamar kara. Abin da muke nema ƙirji ya buɗe iska ta sami wurin zama, kuma ta samu. Ayar da yake yankewa sau uku a kan tabarya, mako biyu kafin sallah ya kai ta ƙarshe da numfashi ɗaya, har wata tsohuwa da ke wucewa ta tsaya a ƙofar gida tana saurare.

Ranar idi ni da Kawu muka je garin, muka zaɓi sahun ƙarshe da gangan, can kusa da inda aka ɗaure jakuna. Shekarar ba raguna sosai, riguna ma na bara ne, amma filin ya cika, don kowa ya san abin da za a gwada. Kusa da ni wani tsoho ne da sai an yi masa magana a kunne. Da Malam Habibu ya yi kabbarar farko na ji ta sarai, amma ban yarda da kunnena ba, don na san muryar, ina iya jin ta ko ba ta iso ba. Sai da ya kai ƙarshen Fatiha, tsohon nan ya ce amin daidai wurin, tare da sahun gaba. Nan hankalina ya kwanta. Ya yi huɗuba a tsaye da sanda, ba inda ya tsinke. Da aka shafa, dattawan ba su yi wani taro ba, sai dai na ji babbansu ya miƙa masa hannu ya ce, “Liman, barka da sallah.”

Muka raka su gida. Malam Habibu ya ɗauko gafaka a ka kamar kullum, ya tsaya a ƙofar soro yana jiran a sauke mahaifinsa daga jaki. Tsohon ya sauko, ya dogara sanda, ya zo zai shige, sai ya tsaya dab da ɗansa. Shekara talatin ƙeyarsa kawai yake gani. Ya ɗaga kai, ya ƙara ɗagawa, har rawaninsa ya ɗan zame baya. Sannan ya juyo wurin Kawu ya ce, “Barau, ashe yaron nan dogo ne.”

Kunya ta kama Malam Habibu, na ga kafaɗunsa sun motsa zai sunkuya. Littafi na kansa, ba hali. Haka ya tsaya a miƙe a gaban mahaifinsa, tsohon yana ta kallonsa.